Abin da Hausa ta yi mini a ajin Italiyanci

Baffana ne ya jawo tafiyar. Ya fi shekara talatin yana harkar fata a Kano: a sayo fatun awaki daga ƙasar Sakkwato da Maraɗi, a kai kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa, a ware mai kyau da mai tabo, a cika kwantena, sai Italiya. Duk tsawon shekarun nan da guntun Turancinsa yake ciniki da masu sayen, su ma da guntun nasu. Wata ranar Laraba ina zaune a ofishinsa aka kira shi daga can a kan wasu kaya da suka ce ba su gamsu da su ba. Ana cikin magana sai mutum biyun da ke ɗaya ɓangaren suka juya harshe, suka fi minti uku suna yi a tsakaninsu, shi kuwa yana riƙe da waya a kunne yana kallon silin. Da aka kashe ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya dube ni ya ce, "Kai da ka yi boko, je ka koyo mana abin da suke faɗa in sun juya."

Na ɗauka maganar ɓacin rai ce, za ta wuce. Bayan sati biyu ya kira ni ya ce ina aka kwana.

Da na shiga bincike, sunan da ya yi ta fitowa shi ne Università per Stranieri di Perugia, wato jami'ar baƙi ta garin Perugia, babban birnin yankin Umbria da ke tsakiyar ƙasar. Tun 1921 aka fara ba da darussa a wurin, a 1925 hukuma ta tabbatar da ita, kuma aikinta na asali shi ne koya wa wanda ba ɗan ƙasa ba harshen Italiya da al'adunta. Na cike takardu ta intanet, Baffa ya biya kuɗin wata shida, aka aiko da shaidar karɓa. Tunda zaman ya haura kwana 90, bizar karatu ta dogon zama ake nema, da inshorar lafiya da bayanin asusun banki da adireshin inda mutum zai sauka. Wannan sashen haƙuri kawai yake so. A farkon Oktoba na sauka filin jirgin Fiumicino, na hau jirgin ƙasa zuwa tsakiyar Roma, daga nan wani jirgin ya kai ni Perugia da yamma liƙis.

Tashar jirgi a gindin tudu take, tsohon garin kuma yana can bisa, sai ka ɗaga kai. Akwai wasu ƙananan taragai marasa direba da suke kira Minimetrò, su ke hawa da mutane. Ginin makarantar, Palazzo Gallenga, yana daf da wata ƙatuwar ƙofar ganuwa ta dutse da mutanen da suka riga Romawa zama a wurin suka gina fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Ɗan Kano ba ya buƙatar a yi masa bayanin ƙofar gari. Kullum da safe ta gabanta nake wucewa, har ta zama mini alamar cewa na iso.

Kalmomin farko da suka shiga kaina ba a aji na same su ba, a layi na same su. Doka ta ce baƙon da ya zo dogon zama ya nemi takardar izinin zama, permesso di soggiorno, cikin kwana takwas na aiki. A gidan waya ake karɓar ambulan ɗin, a kantin masu sayar da taba ake sayen kan sarki na Yuro 16 da suke kira marca da bollo, a nemi lambar haraji, codice fiscale, wadda ba a ko ba ka hayar ɗaki sai da ita, sannan a jira ranar da 'yan sanda za su ɗauki zanen yatsu. Wani ɗan Senegal da ya riga ni zuwa da shekara guda shi ya zaunar da ni ya cike mini, layi bayan layi. Allah ya saka masa.

Kafin a raba aji sai an gwada kowa. Aka ba ni takarda, na dube ta sama da ƙasa, sunana kaɗai na iya rubutawa. Malamar da ke kula da mu ta yi murmushi ta rubuta A1 a kusurwa. Matakai shida ne, daga A1 zuwa C2, ni kuma ina kan na ƙasa ƙurmus.

Mu kusan ashirin ne a ajin. 'Yan Sin sun fi yawa, galibinsu za su wuce makarantun zane da na kiɗa. Akwai wani matashi ɗan Libiya, da mata biyu 'yan coci daga Indiya, da wani fada daga Kwango, da wani dattijo ɗan Brazil da kakansa ya bar Italiya yana yaro, ya zo neman harshen da ya ɓace a gidansu. Malamar ta shigo, ta dafa ƙirji ta faɗi sunanta: "Mi chiamo..." Ta nuna ni: "E tu, come ti chiami? Di dove sei?" Na buɗe baki da Turanci, ta girgiza yatsa: "In italiano." Tun daga ranar har na bar makarantar ban ji kalmar Turanci ɗaya daga bakinta ba, alhali daga baya na gane ta iya shi sarai. In abu ya cije sai ta zana, ko ta kwaikwaya, ko ta fita ta sake shigowa don mu gane bambancin entrare da uscire.

Na je da tunanin cewa Turanci ne tsanin da zan taka. Kowace kalma sai na kai ta Turanci, daga can na sauko da ita Hausa, in zan amsa kuma na sake bin hanyar a juye. Kafin na gama wannan zagayen an wuce ni da tambaya biyu. Abin da ya fara warware mini shi ne harafin c. Malama ta rubuta ciao, cena, cinque a allo ta ce kowa ya karanta. Masu jin Turanci suka yi ta "sena", "sinkuwe". Ni kuwa idona ya ga c, bakina ya faɗe ta yadda nake faɗinta a ciki da cefane, ta ce "Bravo!" Ashe in c ta zo gaban e ko i, tamu ce sak. In ta zo gaban a, o, u sai ta koma k, in kuma ana son k gaban e ko i sai a sa mata h, shi ya sa chiamo ake karantawa "kiyamo". Haruffansu 21 ne, wasulan a e i o u kuma a buɗe suke fita kamar namu, ba a tauna su. Abin da aka rubuta shi ake faɗa. Wanda ya saba karanta Hausar boko ya riga ya ci rabin wannan yaƙin.

Sai aka zo baƙi mai ninki. A nan ne ajin ya jigata. Nono na tara ne, nonno kaka namiji. Sete ƙishirwa, sette bakwai. Pena wahala, penna alƙalami. Casa gida, cassa wurin biyan kuɗi. Malama ta yi ta maimaitawa tana buga tebur, 'yan Sin da ɗan Brazil suna cewa su duk ɗaya suke ji. Ni da ɗan Libiya muka kalli juna, don shi shadda ya gani, ni kuma na ga baba da babba, mana da manna. Yaron goye a Kano ya san ba ɗaya ba ne. A ranar ne na sayi sabon littafi na raba kowane shafi biyu, Italiyanci a hagu, Hausa a dama, na daina bi ta Turanci gaba ɗaya. Tun daga nan karatun ya canja mini.

Jinsi ma haka. Wasu 'yan ajin sun kasa yarda cewa tebur namiji ne, kujera mace. Mu kuwa da haka muka tashi: kujera ta karye, tebur ya faɗi. Har ƙa'idar ta yi kama, domin yawancin kalmomin da suka ƙare da a mata ne a wurinsu kamar yadda suke a wurinmu, kuma su ma suna da masu tawaye irin su problema da programma da suke maza, kamar yadda gida da ruwa da nama suka ƙi bin layi a Hausa. Inda aka sha bamban shi ne wace ce mace. A wurinsu rana namiji ne, il sole, wata kuma mace, la luna. Na fi wata guda bakina yana ƙin wannan, don tun ina yaro rana ta fito, wata ya tsaya. Ruwa mace, gida mace. Dole na haddace kowace kalma tare da il ko la ɗinta kamar suna da sunan uba. Jam'i kuwa sadaka ne: o da e su koma i, a ta koma e, galibi shi ke nan. Na tuna gida da gidaje, doki da dawaki, ɗa da 'ya'ya, na ji tausayin ɗaliban da ke karanta Hausa a jami'ar L'Orientale ta birnin Napoli, inda aka daɗe ana koyar da ita.

Inda Hausa ta ci amanata, in ana iya cewa haka, shi ne p da f, da kuma v da b. Bakin Bakano bai raba su ba. Sunan garin ma "Feruja" nake cewa. Pila batir ne, fila layi. Basta ya isa, vasta mai faɗi. Malama ta lura, ta tsayar da ni bayan an tashi, ta ciro ƙaramin madubi daga jakarta ta miƙa mini. Ta nuna mini cewa a p leɓe biyu ne ke haɗuwa su fashe, a f da v kuwa haƙoran sama ne ke sauka kan leɓen ƙasa. Ta ce minti goma kullum. Na sayi nawa madubin, bayan sallar asuba na zauna gabansa ina pane, fame, pane, fame, burodi da yunwa, har leɓena ya yi tsami. Sai da na kai wajen wata uku kafin abin ya zauna ba tare da na yi tunani ba. A cikin wannan faman ne na gane daga ina muka samo Fafaroma: Papa ne da Roma, bakin kakanninmu ya yi masa abin da nawa yake yi wa Perugia. Su kuma in ka matsa ƙarshen kalmar ka ce papà, to mahaifi kake nufi.

Ɗaki na kama a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Milan. Signora nake ce mata, kamar yadda za ka ce Hajiya. Da safen farko na fito na ce mata "Ciao!" ina jin na burge. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce "Buongiorno", a hankali, harafi bayan harafi. Jikina ya ba ni na yi ba daidai ba. A satin ne aka koya mana tu da Lei. Tu na aboki ne da yaro da ɗan gida, ciao ma haka. Babba ko wanda ba ka sani ba Lei ake ce masa, ko namiji ne, kuma asalin kalmar "ita" take nufi, wato ka yi masa magana kamar ba shi ne a gabanka ba. 'Yan aji suka ce wannan wane irin abu ne. Ni ban ga baƙon abu ba, domin mu ma mukan ce "Malam ya tashi lafiya?" alhali Malam ɗin muke kallo, ko mu ce wa mutum ɗaya ku. A kudancin ƙasar ma har yanzu akwai masu ce wa dattijo Voi, wanda shi ne ku ɗin. Da na dawo gida na same ta a kicin na ce, "Signora, mi scusi. Come sta?" Ta ajiye cokali ta ce yanzu ka zo.

Malama ta gaya mana cewa ita kanta ciao daga yaren Venezia ta fito, daga wata tsohuwar gaisuwa mai nufin "ni bawanka ne". Gaisuwar ƙanƙan da kai ce ta tsufa ta zama ta abokai.

Abin da ya fi kwanta mini a rai a al'adarsu ƙarami ne. Ba'italiye ba ya shiga gidan mutane kai tsaye, ko da an buɗe masa ƙofa. Zai tsaya a bakin ƙofa ya ce "Permesso?", sai an ce "Avanti!" ya sa ƙafa. Ranar da na fara jin mai gyaran famfo ya yi haka a gidan Signora, sai da na ji kamar ina zauren gidanmu ana sallama. Gaisuwarsu dai gajera ce. Na yi kewar ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya sanyi. Wata rana na fassara mata jerin gaisuwarmu da ɗan abin da na iya, ta yi ta mamaki, daga nan kullum da safe sai ta tambaye ni barci, da sanyi, da mutanen gida, ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirgawa da yatsu.

Maganar abinci kuwa ba wasa ba ce, kuma duk Musulmin da zai je yankin nan ya shirya mata. Umbria ƙasar naman alade ce. Garin Norcia da ke yankin ya yi suna da shi har ana kiran mai sana'ar norcino. Sanin kalmar maiale kaɗai bai isa ba, domin prosciutto da pancetta da guanciale da salsiccia duk shi ne, ga strutto, kitsensa, da kan shiga cikin wasu burodi da kayan fulawa ba tare da ka gani ba, ga giya da ake zubawa a wasu girke-girke. Jimlolin da na fi yawan faɗa a wata na farko su ne "C'è maiale? C'è strutto? C'è vino?" Ban taɓa haɗuwa da wanda ya ji haushin tambayar ba, sau da yawa ma sai an shiga ciki an dubo. Signora da ta gane, sai ta koma yi mini taliya da wake irin nasu da man zaitun, da wata gurasar garin da ake gasawa a kan faranti mai zafi, torta al testo, ta cusa mata ganye da cuku a maimakon nama. Nama kuma a wajen wani mahauci ɗan Maroko kusa da tasha nake saye. Na daɗe ina kauce wa duk inda aka rubuta bar, sai ɗan Libiya ya ja ni ciki: galibi wurin shan gahawa ne da karin kumallo, a tsaye ake kurɓe ɗan kofin a wuce, ko da yake ana sayar da giya a ciki.

Disamba ce ta kusa karya ni. Akwai wata iska da ke kaɗawa a garin daga arewa, tramontana, wadda hunturunmu ɗan wasa ne a gabanta. Kafin biyar na yamma duhu ya rufe. A daidai lokacin ne kuma aka shiga aikatau, inda Hausa ba ta da abin da za ta ba ni. Mu aikatau yana zaune, wakilin suna ne ke canjawa: na tafi, ka tafi, mun tafi. Su kuwa wutsiyar kalmar ce ke canjawa, wakilin sunan ma a yar da shi: parlo, parli, parla, parliamo, parlate, parlano. Gida uku ne, masu ƙarewa da are da ere da ire, kowanne da wutsiyoyinsa shida, sannan ga 'yan tawaye irin su andare da ke zama vado, vai, va, ya dawo andiamo. Ba ka gama da wannan ba a kawo maka shuɗaɗɗen lokaci, inda cin abinci ke tafiya da avere, ho mangiato, tafiya kuma da essere, sono andato, mace ta ce sono andata. Ga ƙananan kalmomin nan masu cin rai: a Roma, in Italia, dal medico, alhali mu "na tafi Kano" ya wadatar. A gwajin tsakiyar watan na faɗi warwas. Na kira Baffa na ce anya kuwa. Ya ce, "Allo nawa ka wanke kafin ka sauke? Koma."

Maganarsa ce ta ba ni dabara. Na koma yadda aka koya mana a makarantar allo: a rubuta, a biya da ƙarfi ana kaɗa kai, a rufe, a sake rubutawa da ka. Aikatau biyar kullum, da safe da bayan isha'i. Signora tana jiyo ni ta bango, in na kuskure sai ta ɗaga murya daga falo ta gyara. Ita ce ta ce mini "Chi va piano va sano e va lontano", mai tafiya a hankali yakan je lafiya ya kuma je nesa. Na ce mata mu ma muna da ita, sannu ba ta hana zuwa. Piano piano ɗin da suke yawan faɗa kuwa sannu sannu ne, har ninkin. Shafin dama na littafina ya yi ta cika da irin waɗannan: c'è akwai, non c'è babu, ecco ga shi, allora to, magari ina ma, boh oho, har da ɗaga kafaɗar. Mi piace da ya wahalar da masu Turanci, "yana mini daɗi" ne kawai, abin ne ke yin aikin ba kai ba.

Sau ɗaya a sati akwai darasin al'ada da tarihi, da sauƙaƙan kalmomi da hotuna. A nan na ji cewa ƙasar ba ta haɗu ta zama ɗaya ba sai 1861, ta zama jamhuriya a 1946, kuma lokacin haɗewar 'yan ƙalilan ne ke jin harshen da muke koyo, kowa yarensa yake yi. Harshen mutanen Firenze ne aka ɗaukaka saboda marubuta irin su Dante, wanda ya rasu a 1321, makaranta da aikin soja da talabijin suka yaɗa shi. Shi ya sa in Signora ta ɗauki waya da ƙawarta ba na tsintar komai. Na ji cewa Musulmi sun mulki tsibirin Sisili, sun fara shigarsa a 827, aka fi shekara ɗari biyu, kuma ciniki da ƙasashen Larabawa ya bar kalmomi birjik: zucchero sukari, limone lemo, tazza da tasarmu uwarsu ɗaya, zero kuma daga sifr, inda muka samo sifili. Wani ɗan Pisa, Fibonacci, a Bijaya ta ƙasar Aljeriya ya koyi lissafi da lambobin da muke amfani da su yau, ya rubuta su a 1202.

Amma ranar da ba zan manta ba ita ce ta zuwa Fabriano, wani gari da bai da nisa da Perugia, inda ake yin takarda tun ƙarni na 13. Mu shida muka hau jirgi ranar Asabar. A gidan tarihin takarda wani dattijo ya tsoma wani abu kamar rariya cikin ruwan tsumma da aka daka, ya ɗaga, ya girgiza, ga takarda ta kwanta. A jikin rariyar an ɗinka siririyar waya da siffa, in takardar ta bushe ka ɗaga ta ga haske sai siffar ta bayyana. Filigrana suke ce mata. Gabana ya faɗi, domin na san wannan. A gidanmu akwai Alƙur'anin kakanmu rubutun hannu, warƙa-warƙa cikin gafaka, muna yara mukan ɗaga warƙa ga rana mu ga jinjirin wata uku a jere, muna cewa karama ce. Na haɗa 'yan kalmomina na tambayi dattijon: "Tre lune, conosce?" Idonsa ya yi haske. Ya ce wannan ta arewacin ƙasar ce, ta wajen Venezia, an yi ta ne musamman don kasuwannin Musulmi. Ta Tarabulus da Masar take bi, raƙuma su ƙetaro da ita Sahara har Borno da Kano, malamanmu su yi rubutu a kai. A hanyar da takarda ta sauko, ta nan fatunmu suka hau, Turawa suka riƙa kiran jar fatar da sunan Maroko don ta can ta iso musu, marocchino a bakin Italiyawa. Ashe cinikin da Baffa yake yi ta waya ya girmi wayar nesa ba kusa ba. Rabin bayanin dattijon ne na gane, amma da kaina na yi tambayar kuma da kunnena na ji amsar. A jirgin dawowa ban yi magana da kowa ba.

A Janairu na hau matakin A2. A ƙarshen zangon na zauna jarrabawar CELI 1, takardar shaidar da jami'ar ke bayarwa a wannan matakin: karatu, rubutu, saurare, sannan magana baki da baki. Su Italiyawa sun ba jarrabawar baki muhimmanci ƙwarai, har a manyan darussan jami'a. Malamai biyu suka zaunar da ni, aka ba ni hoton kasuwa aka ce na bayyana, sannan aka ce na ba da labarin aikin gidanmu. Na ce "Mio zio vende pelli di capra", baffana yana sayar da fatun awaki, p ɗin ta fita daidai, l biyun suka zauna. Na yi kuskure a wurare, na ce ho andato na gyara da kaina. Na ci.

Kada wani ya ɗauka A2 iya harshe ne. Za ka yi cefane, ka je asibiti ka faɗi inda ke ciwo, ka ba da labarin jiya, ka rubuta gajeriyar wasiƙa. In mutum biyu suka kama gardama da sauri, da yawa zai wuce ka. Da zan tafi Signora ta ce na daina ce mata Lei, na zama ɗan gida. Na gwada, bakina ya ƙi. Na ce mata a wurinmu ba a yi wa uwa haka, ta ce to ta yarda.

Sati uku da dawowata Kano aka kira Baffa daga can. Ya sa wayar a lasifika ya tura ta gabana. Na yi gaisuwa, na faɗi sunana, na ce ni ɗan ɗan'uwansa ne. Aka yi shiru, sai dariya ta farin ciki da tambayoyi a jere, a ina na koya, wa ya koya mini. Na ce "Più lentamente, per favore", a rage gudu. Aka shiga maganar kaya, na ji graffi, wato ƙarzuwa a jikin fata, na ji seconda scelta, zaɓi na biyu. Can sai suka juya suka kama magana a tsakaninsu kamar yadda suka saba. Baffa ya zuba mini ido. Na kasa kunne, na tsinci agosto, na tsinci chiuso, na tsinci nave.

"Me suke cewa?"

"Baffa, ba maganar farashi ba ce. Masana'antarsu tana rufewa hutu a watan Agusta. Suna tsoron kada jirgin ruwa ya iso ba kowa, fatun su kwana a tashar ruwa cikin zafi."

Ya yi shiru yana lissafi da yatsu. Sannan ya matso da kujerarsa kusa da tawa ya ce, "To gaya musu za mu loda kafin ƙarshen Mayu. Kuma ka tambaye su ya iyali."